RUWA ZUWA IDON SAWU: Darasin Amfanin Ƙari Ga Matasan Kura Da Bunkure

Wannan shi ne bayanin jawabin da wani malami daga cikin malaman harka ya gabatar a zaman da 'yan'uwa matasa manoman rani suka shirya a garin Kura. Zaman ya samu halartar 'yan'uwa daga Bunkure, Kadawa, Garun Malam, Karfi da sauran garuruwan da ke bakin kanal. An shirya shi ne sakamakon yawaitar ce-ce-ku-ce a kan rabon ruwa, wanda a wasu wurare har ya kai ga zare sanduna. A sha karatu lafiya.

Bayan ya yi godiya ga Allah Maɗaukakin Sarki, ya yi salati ga fiyayyen halitta (SAW) da alayensa da sahabbansa, Malam ya ce maganar ruwa ce ta tara jama'a a wannan wuri, amma zai shigo mata ta ƙofar da ba a saba ba, wato ta wani darasi da ake koyarwa a ajin tattalin arziki na makarantun sakandare. Ya ce da yawa daga cikin matasan da ke zaune sun haddace darasin don jarrabawa, sun rubuta, sun watsar da shi a bakin ƙofar makaranta, alhali kullum suna taka shi da ƙafafunsu a cikin fangali ba su sani ba. Darasin shi ne abin da Turawa ke kira majinal yutiliti, wanda a Hausa za a iya ce masa amfanin ƙari, wato amfanin da mutum yake samu daga ƙarin abu guda a kan wanda yake da shi tun farko.

MENE NE AMFANIN ƘARI?

Malam ya buga misali da gidan da ke sayen ruwa wajen ɗan garuwa. Ya ce a ƙaddara an shigo wa uwargida da jarka biyar da safe. Ta farko za ta juye a randa don sha. Ta biyu ta girki ce. Ta uku ta alwala da wanka. Ta huɗu ta wanki da wanke-wanke. Ta biyar kuwa ita ake yayyafa wa tsakar gida don ƙura ta kwanta. Ruwan iri ɗaya ne, jarkokin kuma girmansu ɗaya, amma bukatun da suke biya ba ɗaya ba ne, kowace tana ƙasa da wadda ta gabace ta.

Sai Malam ya tambayi mahalarta: in yaro ya yi tuntuɓe ya zubar da jarkar da aka ware don sha, gidan zai wuni da ƙishirwa ne? Jama'a suka amsa da cewa a'a. Ya ce to me za a fasa? Suka ce yayyafin tsakar gida. Ya ce: "To kun gama fahimtar darasin. Kowace jarka ce ta zube, abin da gidan ya rasa shi ne mafi ƙanƙantar amfani da ake yi da ruwan. Saboda haka darajar jarka guda a gidan da ke da biyar ita ce darajar yayyafi. A gidan da ke da guda ɗaya tak kuwa, darajarta ita ce darajar rai."

Ya ce wannan shi ne abin da masana ke kira dokar raguwar amfanin ƙari: gwargwadon yawan abin da ke hannun mutum, gwargwadon raguwar amfanin da ƙari guda zai yi masa. Ya jawo hankali da cewa ba ana nufin jimillar amfanin tana raguwa ba. Mai jarka biyar ya fi mai uku jin daɗi. Abin da ke raguwa shi ne gudummawar kowace sabuwar jarka, har a kai inda ƙarin ba ya tsinana komai, in ma aka wuce nan sai ya koma cuta. Ya ce duk wanda ya taɓa yin buɗa-baki bayan ya wuni yana yankan shinkafa a rana ya san bambancin kofi na farko da na biyar, ya kuma san yadda Tarawihi ke yi wa wanda ya cika ciki nauyi.

DAGA INA KALMAR TA FITO?

Da ya juya kan tarihi, Malam ya ce masanan Turai sun daɗe suna fama da wata matsala da Adam Smith, mutumin Sikotilan, ya ambata a littafinsa na 1776. Matsalar ita ce: ruwa ya fi komai amfani amma kusan ba shi da farashi, dutsen daimon kuwa ba ya kashe ƙishirwa ba ya maganin yunwa amma ana sayensa da dukiya mai yawa. Yaya haka? Mafi yawan masanan wancan zamani sun tafi a kan cewa darajar abu tana fitowa ne daga wahala da kuɗin da aka kashe wajen samar da shi.

Ya ce a 1854 wani Bajamushe mai suna Hermann Gossen ya rubuta littafi ya bayyana raguwar amfanin ƙari, amma ba wanda ya kula shi har ya mutu a 1858. Sai daga baya mutum uku, kowa a inda yake ba tare da sanin aikin ɗan'uwansa ba, suka fito da bayanin: William Jevons a Ingila da Carl Menger a Ostiriya, duka a 1871, sai Leon Walras a Suwizalan a 1874. Almajirin tafarkin Menger, Friedrich von Wieser, shi ya raɗa wa abin suna da Jamusanci a 1884, sannan littafin Alfred Marshall na 1890 ya yaɗa shi a jami'o'in masu jin Ingilishi. Ta wannan hanya ya biyo tsarin karatun da 'yan mulkin mallaka suka bari, har ya iso allon makarantun Kura da Bunkure.

Amsar da suka bayar, in ji Malam, ita ce ta jarka: ba wanda yake zuwa kasuwa don ya zaɓa tsakanin duk ruwan duniya da duk daimon ɗin duniya. Ciniki a kan ƙari guda ake yin sa. A inda ruwa ya wadata, ƙarin bokiti guda ba ya biyan wata babbar bukata, don haka yake arha. Amma a kai mai daimon tsakiyar Sahara, ya kwana biyu bai sha ba, a ga wanda zai roƙi wani.

Malam ya yi gargaɗi a nan da cewa ba ya kawo waɗannan sunaye ne don ya nemo wa addini shaida daga Turai ba, domin hukuncin Allah ba ya jiran sa hannun wani masani. Haka nan ba daidai ba ne a ƙi gaskiya don kawai Bature ne ya rubuta ta. Ya ce tun kafin waɗannan mutane da ɗaruruwan shekaru, malaman usulu irin su Imam Gazali, wanda ya rasu a 1111, da Imam Shaɗibi, wanda ya rasu a 1388, sun jera bukatun ɗan Adam hawa uku: na larura, na bukata, da na ƙawa, suka kuma ce ba a tauye na larura don a cika na ƙawa.

KWANDON TUMATIR A KWANAR GAFAN

Malam ya ce ba sai an je Turai ba, duk mai son ganin wannan doka da idonsa ya je kasuwar tumatir ta Kwanar Gafan a kan hanyar Zariya lokacin da kaya suka yi yawa, daga tsakiyar hunturu zuwa farkon bazara. Tumatirin da ke cikin kwando shi ne dai na watannin tsada, ɗanɗanonsa bai canza ba, gumin da aka zuba masa bai ragu ba. Abin da ya canza shi ne cewa matar da ke cefane a Kano ko a Legas ta riga ta sayi na miyar yau da na gobe, ƙarin kashi guda ba zai amfane ta sosai ba, don haka ba za ta saya ba sai an karya mata farashi. Wannan karyewar ce ke biyo mota daga kasuwar Mile 12 ta dawo ta faɗo a kan manomi. Kwandon ƙarshe da ya shigo kasuwa shi ke yanka wa duk sauran farashi. Shi ya sa wata rana kuɗin kwando ba ya biyan tsinka da dako, sai a ga an yayyanka tumatir an shanya a gefen titi ana yin kauɗa.

Ya tunatar da abin da ya faru a 2016, lokacin da tsutsar nan da manoma suka sa wa suna sharon ta cinye gonakin tumatir a Kano, Kaduna, Katsina da Jigawa. A wannan shekara farashi ya ninka sau da yawa, har masana'antar sarrafa tumatir ta Dangote da aka buɗe a Kadawa ta dakatar da aiki saboda rashin kaya. Dokar ɗaya ce, in ji shi, ta juya fuska ne kawai: abu ya yi ƙaranci, amfanin ƙari guda ya hau.

Darasi ga matashin manomi a nan, a cewar Malam, shi ne ya daina kallon ribar da makwabcinsa ya ci bara ya ce shi ma bana duk gonar tumatir zai zuba, a mako guda da kowa. In jama'a za su yi shawara su rarraba lokacin dashe, wasu su haɗa da albasa, alkama ko masara, to kwandon kowa zai fi daraja. Amma wannan ba ya yiwuwa sai da amana da jin maganar juna.

NA SAMA DA NA ƘASA

Daga nan Malam ya shiga zuciyar maganar. Ya ce an kammala madatsar ruwa ta Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma kafa Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are a 1976, wadda ita ke kula da aikin. An tsara kashin farko na aikin ya shayar da kimanin hekta 22,000. Ruwan yana gangarowa ne da kansa ba tare da inji ba, daga Tiga ya bi ta Ruwan Kanya ya shiga babban kanal, ya rabu rassa, rassan su rabu ƙanana, har ya iso bakin fangali. Ma'anar wannan ita ce a kowane layi akwai na sama akwai na ƙasa, kuma ruwa ba ya isa ga na ƙasa sai ya wuce ta ƙofar na sama.

Ya ce kafin a ci gaba akwai wani bambanci da ɗalibai kan rikita. Amfanin ƙari na asali yana magana ne a kan gamsuwar mai ci ko mai sha, abin da ke cikin rai, ba a auna shi da kwano. Amma yana da ɗan'uwa a fagen noma, wato raguwar yabanyar ƙari, wanda shi ana auna shi da buhu. Buhun yuriya na farko a eka guda yana ƙara amfanin gona sosai, na biyu ya ƙara kaɗan, in aka ci gaba da zubawa sai shinkafa ta yi ganye ta kwanta. Sunayen daban ne, amma hankalin ɗaya ne, kuma haka ruwa yake a gona.

"Ruwan farko da ya shiga fangalinka," in ji Malam, "shi ne rayuwar shuka. Na biyu ya ratsa saiwa. Amma wanda ka bari yana kwarara bayan ƙasa ta ƙoshi, ka dasa tiyo ka tafi gida ka kwanta, me ya ƙara maka? Ya wanke takin da ka saya da tsada ya kai shi lambatu. Ya ruɓar da saiwar tumatir. Ya jiƙe ƙasa har kanwa ta fara tasowa. Ya ciyar da kacala da sauro. Wato a wajenka amfaninsa ya sauka ƙasa da sifiri. To wannan ruwan da kansa, in ka sake shi, a gonar na ƙasa shi ne ruwan farko."

Malam ya ce abin takaici shi ne, su wa ake tura wa cikin dare da buhunan yashi su toshe kanal? Su wa ke fasa gefen kanal su saci ruwa a ranar da ba tasu ba? Ba dattawa ba ne, matasa ne, wasunsu ma da asuba suna sahun farko. Ana ba su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, su kashe wa wani bawan Allah shukar da ya ci bashi ya yi. Shi kuma na ƙasa in ruwa bai zo ba dole ya koma injin ban ruwa, kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 kowa ya san abin da tada inji yake ci. Don haka ɓarnar na sama tana zama bashi a wuyan na ƙasa.

HUKUNCIN IDON SAWU

Malam ya ce wannan rigima ba sabuwa ba ce, ta faru a Madina a gaban Manzon Allah (SAW). Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Zubairu ɗan Awwam (RA) ya yi jayayya da wani mutum daga cikin Ansar a kan wata hanyar ruwa da suke shayar da dabino da ita, gonar Zubairu ce a sama. Manzon Allah (SAW) ya fara umartar Zubairu da ya shayar sannan ya sakar wa makwabcinsa, wanda sulhu ne mai sauƙi ga na ƙasa. Da mutumin ya nuna rashin yarda, har ya yi zargin an fifita Zubairu don zumunta, sai aka yanke hukunci da cikakken haƙƙi: Zubairu ya riƙe ruwan har ya kai ga kunyoyin gona sannan ya sake. Malamai sun ƙaddara wannan da cewa daidai idon sawu ne. Haka kuma Imam Malik ya kawo a Muwaɗɗa cewa a kan ruwan kwarurrukan Mahzur da Muzainib an hukunta a riƙe zuwa idon sawu, sannan na sama ya sakar wa na ƙasa.

Ya ce a lura da abu biyu. Na farko, shari'a ba ta ƙwace wa na sama haƙƙinsa ba, shi ne zai fara sha. Na biyu, ta sa masa iyaka, kuma iyakar tana daidai inda bukatarsa ta ƙare. Ko a lokacin da aka ba Zubairu cikakken haƙƙinsa, ba a ce ya riƙe ruwa har ya ga dama ba. Abin da ya wuce bukata sunansa rarar ruwa, kuma hadisai ingantattu sun hana a hana rarar ruwa, har an ambaci mai rarar ruwa a kan hanya da ya hana matafiyi cikin mutum uku da Allah ba zai yi musu magana ba ranar alƙiyama.

Malam ya ƙara da cewa kar wani ya ɗauki awon idon sawu ya je ya cika fangalin albasa da shi, domin wancan awo ne na gonar dabino, kowace shuka da gwargwadon bukatarta. Sannan ruwan kanal ruwa ne da aka yi yarjejeniyar rabonsa da kwanaki, kuma cika alkawari wajibi ne. A ƙarƙashin shirin gyaran kanal da aka amince da shi a 2014 da lamunin Bankin Duniya, an ƙarfafa ƙungiyoyin manoma masu amfani da ruwa don su riƙe rabo da gyaran ƙananan kanal. Bashin kuwa al'umma ce za ta biya shi, saboda haka mai fasa kanal dukiyar jama'a yake ci.

Ya kuma jawo hankalin mutanen yankin da cewa, in aka ɗaga kai aka duba nesa, su gaba ɗayansu na sama ne. Kogin Kano yana haɗuwa da na Challawa su zama Kogin Haɗeja, wanda ke shayar da fadamun Haɗeja da Nguru a jihohin Jigawa da Yobe. Bayan gina Tiga, da kuma madatsar Challawa da aka kammala a 1992, ambaliyar da mutanen can ke noma, su da kiwo da ita ta ragu. A farkon shekarun 1990 wani masani mai suna Edward Barbier da abokan aikinsa sun yi lissafi, suka gano cewa ma'aunin ruwa guda ya fi samar da arziki a waɗancan fadamu fiye da yadda yake samarwa a aikin noman rani na Kogin Kano. Malam ya ce ba ya faɗin haka don a rufe kanal, sai don a san cewa ruwan da ake ɓarnatarwa a Kura akwai masunci da makiyayi a can da ke jiransa.

INDA AKE KARKATAR DA KALMAR

Malam ya ce ilimi makami ne, kuma masu tsarin jari-hujja sun iya riƙe wannan makami ta inda ya yi musu daɗi. Sukan ce tunda farashi yana bin amfanin ƙari, to duk wanda ya fi biya shi ya fi bukata, don haka a bar kasuwa ta raba komai. Irin wannan tunani ne aka shigo wa ƙasar nan da shi a shirin SAP na 1986. Ya ce a nan akwai yaudara, domin kasuwa ba ta jin bukata sai wadda ke riƙe da kuɗi. Attajirin da ya sayi tankar ruwa don wanke motoci bai fi uwar marayu bukatar ruwa ba, ya fi ta kuɗi ne kawai.

Kuma in gaskiya za a bi, in ji shi, dokar ta hau kan kuɗin ma. Naira dubu goma a hannun ɗan ƙwadago abincin iyali ne, a hannun mai biliyan kuwa ko ta faɗi ba zai waiwaya ba. Wani masanin Ingila, Arthur Pigou, ya faɗi haka a 1920, ya ce ɗauke wani abu daga mai yawa a ba maras shi yana ƙara jimillar jin daɗin al'umma. Sai wani, Lionel Robbins, ya taso a 1932 ya ce ba a iya gwada gamsuwar mutum biyu a kan ma'auni guda, don haka wannan magana ba ta kimiyya ba ce. Ra'ayin Robbins ya yi rinjaye a makarantu na tsawon lokaci, shi ya sa ɗalibi zai koyi darasin da misalin lemo da biskit, ba zai taɓa jin an kawo shi a kan dukiyar masu dukiya ba.

Musulmi kuwa, a cewar Malam, ba ya cikin wannan ruɗani. Nasa'i ya ruwaito daga Abu Huraira (RA) cewa Manzon Allah (SAW) ya ba da labarin dirhami guda da ya tsere wa dirhami dubu ɗari a lada, domin mai shi biyu kacal yake da su ya ba da ɗaya, shi kuwa ɗayan daga gefen tarin dukiya ya ɗebo. Haka zakkar amfanin gona: ba a karɓa daga wanda bai kai nisabin wusuƙi biyar ba, kuma wanda ya shayar da wahala rabin ushiri yake fitarwa, saɓanin na ruwan sama da ke ba da ushiri. A cikin Suratul Hashri an bayyana cewa ba a so dukiya ta riƙa zagayawa tsakanin mawadata kaɗai.

Sai ya yi wani gargaɗi. Ya ce amfani yana raguwa, amma kwaɗayi ba ya raguwa. Hadisi ya tabbata cewa ɗan Adam ko yana da kwari biyu na dukiya zai nemi na uku. Wannan shi ne ciwon na sama: ya san ƙasarsa ta ƙoshi, amma zuciyarsa ba ta ƙoshi ba. Littafin tattalin arziki zai nuna maka inda amfani ya ƙare, amma ba zai ɗaga maka hannu daga kan tiyo ba. Tsoron Allah ne kaɗai ke yin wannan. Ya kuma ce kar a ɗauki dokar a kai ta inda ba wurinta ba: ilimi da ibada ba sa cikinta, domin mai neman ilimi yana ƙara sha yana ƙara jin ƙishirwa.

TAMBAYA DA AMSA

Da aka ba da damar tambaya, wani matashi daga ɓangaren Bunkure ya miƙe ya ce: "Allah gafarta Malam, gonarmu a tsakiya take. In na saki ruwa, na gaba da ni zai toshe ya riƙe, ba zai kai ga na ƙarshen ba. Sannan ban da tabbas ruwa zai dawo a ranarmu. To me na ci in na sake?"

Malam ya ce tambayar mai nauyi ce, kuma ita ce asalin cutar. Ya ce yawancin masu cika gona fiye da kima ba mugunta ce ke sa su ba, tsoro ne: ba su amince ruwan zai dawo a kan lokaci ba, sai su sha na yau su sha na jibi. Kowa ya yi haka sai ruwan ya ƙara yankewa, tsoron ya ƙaru. Maganin wannan ba ya hannun mutum ɗaya. "Amma ɗana," in ji shi, "hisabinka naka ne kai kaɗai. Ba za a tambaye ka abin da na gaba da kai ya yi ba. Ka saki abin da ya wuce bukatarka, sannan ku haɗu ku hana shi toshewa."

Daga nan ya ɗora wa 'yan'uwa matasa ayyuka huɗu. Na ɗaya, kada wani ɗan'uwa ya sake karɓar kuɗi don toshe ko fasa kanal, ko wane ne ya aike shi. Na biyu, duk mai ban ruwa ya tsaya a kan gonarsa har ya gama, ya cire tiyo da hannunsa. Na uku, 'yan'uwa su shiga ƙungiyoyin ruwa na layinsu, su tsaya a rubuta jadawalin rabo kowa ya san ranarsa, su kuma bi hukuma da lalama da hujja in ba a saki ruwa a kan lokaci ba. Na huɗu, a riƙa yin gayyar yashe kanal da cire kacala, kuma na sama su fito tare da na ƙasa, domin ba daidai ba ne wanda ya fi kowa shan ruwa ya fi kowa gudun aikinsa.

A ƙarshe Malam ya ce duk wanda zai koma gona gobe da asuba, in ya ga ruwa ya rufe fangali, to ya tuna da jarka ta biyar, ya tambayi kansa: wannan da ke shigowa yanzu, na sha ne ko na yayyafi? In na yayyafi ne, to ya sani a ƙasa da shi akwai wanda randarsa ba ko ɗigo. Ya roƙi Allah Ya sanya albarka a noman bana, Ya kare shi daga tsutsa da faɗuwar kasuwa, Ya haɗa kan na sama da na ƙasa a kan gaskiya.

An rufe zaman da addu'a gab da sallar Magariba.